Littafin Aikin Bindigar Gam a Shagonmu, Daga Hunturu Zuwa Bazara

Litinin, 4 ga Disamba, 2023

Yau bindigar gam, wato na'urar da ke narkar da sandar gam da wutar lantarki, ta iso shago. Na buɗe wannan littafi ne don kada abin da za mu koya ya tsaya a kaina ni kaɗai, tunda yara uku ne za su riƙa aiki da ita, ni kuma ba kullum nake zaune ba.

Sana'armu haɗa kwali da rufe shi, a wani ɗan shago da ke kusa da masana'antun Sharaɗa a Kano. Masu sabulu da masu yaji da masu turaren wuta su ke ba mu aiki. Shekara da shekaru salatif muke sa wa, amma salatif yana da aibi biyu. Ƙurar hunturu tana hana shi kamawa, sannan ana iya tsaga shi da reza a zari kaya a mayar da wani, ba mai ganewa. Kwalin da aka rufe da gam kuwa ba ya buɗuwa sai ya yage, kuma yagewar ita ce shaida. Hajiyar da muke yi wa kwalin sabulu ita ta matsa a kan mu canza, bayan an yi ta kawo mata ƙorafin kwali ya iso babu sabulu biyu ko uku.

Wannan ba irin 'yar ƙaramar da mata ke manna fulawa da duwatsun ado da ita ba ce. Waccan wat 20 ce zuwa 40. Tamu wat 500 ce, tana cin sandar gam mai kaurin milimita 12, wadda a kasuwa ake kira kyandir, kuma tana da maɓallin rage zafi da ƙara shi. Kafin in bari a jona ta sai da na karanta rubutun jikinta: volt 220 zuwa 240. Wannan ya dace da wutarmu, mai volt 230. Na tsaya a kan wannan ne don a cikin kayan gwanjo akwai waɗanda aka yi don Amurka, masu volt 110 ko 120, kuma ana jona su a soket ɗinmu za su ƙone. Wat 500 a kan volt 230 bai fi amfiya 2 da 'yan kai ba, amma fis ɗin da ke kan wayar mai amfiya 13 ne. Malam mai gyaran wutarmu ya canza shi da mai 5.

Ban bari kowa ya ja kunama yau ba.

Laraba, 6 ga Disamba

Mun ware mata tebur nata a bakin taga, don ƙaurin gam ya riƙa fita. Na shimfiɗa falle ɗaya na kwano a kan teburin, na sa tsohon faranti a daidai inda bakinta ke ɗiga. Kwalaye na hannun hagu, nesa da ita da kamar taku biyu. Ka'ida ta farko da na gaya wa yara: ba a kwantar da ita a gefenta, ko na ƙiftawar ido. A kan ƙafarta take zama, baki yana kallon ƙasa. In ta kwanta, narkakken gam yana gangarawa baya ya cika hanyar da kyandir ke bi.

Na sa ta a digiri 190 na ma'aunin Salshiyos, kamar yadda aka rubuta a kwalin kyandir ɗin. Don yaran su gane abin da lambar ke nufi, na ce musu ruwa a 100 yake tafasa, man da ake suyar ƙosai kuwa a nan wajejen 180 yake. Bambancin shi ne mai in ya fantsamar maka yana gangarewa, gam kuwa liƙewa yake yi ya ci gaba da cin fata. Na ga fuskokinsu sun canza.

Gwajin farko bai yi kyau ba. Da safe muka fara, sanyi ya sauka sosai, kwalin da ya kwana a shago ya yi sanyi ƙalau. Babban yarona yana zuba gam a marfi huɗu a jere sannan ya dawo ya danne su. Kafin ya dawo kan na farko gam ɗin ya riga ya fara daskarewa. Da na ja marfin sai ya ɗago salin-alin, gam na gefe ɗaya yana ƙyalli, ɗaya gefen ko alama babu. Wannan gam ba bushewa yake yi kamar na masu takalmi ba, hucewa yake yi, kuma da ya huce ya gama aikinsa. Don haka muka koma kwali ɗaya-ɗaya: a zuba layi biyu, a rufe nan take, a danne a ƙirga biyar.

Ga yadda muke gane ya kama: a bar shi minti biyu, a fizge marfin. In fatar kwalin ta yage ta bi gam ɗin, ya yi. In ya ɗago fes, bai yi ba. Duk safiya kwali na farko za a yi masa haka kafin a ci gaba.

Asabar, 16 ga Disamba

Kyandir ɗin da ya zo da ita ya ƙare, aka sayo wani a kasuwa. Ido ba zai raba su ba, amma da na auna sai na ga milimita 11 ne. Kunama tana zamewa a kansa, kuma na hango gam ya fara leƙowa ta baya, ta ratar da siririn kyandir ya bari. Na mayar da shi aka canza. Daga yau duk mai zuwa saye zai tafi da guntun tsohon a aljihu.

Akwai kuma yauƙin da ke bin baki kamar na miyar kuɓewa, yana ɓata fuskar kwali. Ya ragu da muka koyi sakin kunama kafin ƙarshen layi, sannan a ɗan murza bakin a kan gam ɗin kafin a ɗaga.

Alhamis, 4 ga Janairu, 2024

Abin da nake tsoro ya faru. Ƙaramin yaron ya ƙone.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ne. Ya cika gam a marfi, ya danne da yatsa, gam ɗin ya ɓullo ta gefe ya hau masa babban yatsa. Ya yi abin da kowa zai yi, ya kai ɗaya hannun ya share. Ƙuna ɗaya ta zama biyu. Ina daga ciki na ji salatinsa.

"Oga, ba komai, ɗan kaɗan ne," in ji shi, yana ƙoƙarin ɓamɓare gam ɗin da farce.

Na ce, "Kada ka taɓa shi. Zauna nan, miƙo hannun."

Ba mu da famfo a shago, sai jarka. Na sa ɗaya yana tsiyaya masa ruwa da buta a hankali, ɗaya yana cika wata butar, ni kuma ina duba agogo. Minti 20 cif ake so, da ruwa mai sanyi na yau da kullum, ba ƙanƙara ba, don ƙanƙara ma tana cin fatar da ta riga ta ji rauni. Minti 20 yana da tsawo in ana tsaye a kan yaro yana cije baki. A minti na biyar ya ce ya daina jin zafi, na ce a ci gaba. Zafin da ya shige cikin nama ba ya fita da wuri, balle ga gam a kai kamar murfi.

Dattijon da ke sayar da shayi a gefenmu ya shigo da ɗanyen ƙwai a hannu. "Maigida, a fasa masa wannan, haka muka taso muka gani." Wani kuma ya ce man goge baki. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, mun gode, ruwa kawai za mu sa." Na san don Allah ya kawo. Amma ƙwai da man goge baki da manja da baƙin mai ba sa fitar da zafi, suna iya kai ƙazanta cikin ciwo, kuma sai ma'aikacin asibiti ya sha wahalar wanke su kafin ya ga abin da ke ƙasa.

Gam ɗin da ke bayan hannun ya faɗi da kansa a cikin ruwa. Na yatsan ya riƙe, muka bar shi yadda yake, muka lulluɓe da tsabtataccen ƙyalle sako-sako, na kai shi asibiti a babur. Can suka cire, suka wanke, suka ɗaure. Bororo ya tashi a wuri biyu, an ce kada a fasa.

Na rubuta wannan ne da dare, kuma dole in faɗi gaskiya: rabin laifin nawa ne. Na yi wa yaran bayanin zafi, amma ban ba su abin dannawa ba, safar hannun da na saya kuma ta saƙa ce, suka ƙi sa ta don tana kama gam. Sun fi ni gaskiya. Safar saƙa tsotse gam take yi ta riƙe shi a jikin fata, mai leda-leda kuma narkewa take yi.

Litinin, 8 ga Janairu

Na je wajen dukawa a Ƙofar Wambai, an ɗinka mana safar hannu ta fata guda uku, masu tsawo har sun rufe wuyan hannu. Kafinta ya yanko mana katako mai faɗin tafin hannu da mariƙi a sama, shi ne abin danne marfi yanzu. Yatsa ba ya sake zuwa kusa da gam. An hana silifa a wannan tebur, sai takalmi mai rufi, don abin da ya ɗiga ƙasa yake nufa. Jarka ɗaya cike da ruwa da buta biyu suna nan a bakin ƙofa, nesa da soket, kuma ba na alwala ba ne.

Yaron ya dawo, yana naɗe kwali da hannu ɗaya. Mahaifinsa ya zo, na ba shi haƙuri, na nuna masa abin da muka canza.

Talata, 23 ga Janairu

Kwana uku ke nan gam yana fitowa da kauri, kunama ta yi tauri. Na tarar da babban yarona yana matsa ta da hannu biyu, na dakatar da shi. Abin da ke tura kyandir a ciki ɗan ƙaramin haƙori ne da maɗauri, in aka tilasta masa tura abin da bai narke ba karyewa zai yi.

Na ɗauka bindigar ce ta fara lalacewa. Malam mai gyaran wuta ya sa mita a soket, sai ga volt 180. Ya yi mini lissafin a bayan kwali: zafin da wayar cikin bindiga ke bayarwa ba daidai da faɗuwar wuta yake raguwa ba, ninki yake yi. In volt ya sauko daga 230 zuwa 180, abin da ya rage kusan kashi 61 cikin 100 ne. Wato bindigarmu mai wat 500 ta koma kamar mai wat 300. Tana kaiwa zafin da aka sa mata in an jira, amma da an fara aiki da sauri sai ta kasa narkar da kyandir a kan lokaci.

Mun sa mata sitabilaiza. Mun kuma cire doguwar wayar ƙari da ake jona ta a kai tare da fanka da cajar waya, wadda na taɓa na ji ta yi ɗumi. Yanzu soket ɗinta daban. In a janareta muke, sai injin ya daidaita sannan a jona ta. Kuma duk wanda ya kunna zai jira minti bakwai, ya gwada a faranti. In kunama ta yi tauri, ba ƙarfi ake ƙarawa ba, jira ake yi.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Allah ya tsare mu daga gobara a daren jiya.

An ɗauke wuta bayan la'asar. Babu mai a janareta, sai muka ƙarasa sauran kwalayen da salatif. Bindigar ta huce a kan ƙafarta, fitilarta a mace, duk wanda ya kalle ta zai ce a kashe take. Aka share shago, aka kulle, kowa ya tafi. Ba wanda ya zare ta daga soket, har da ni da na fita a ƙarshe. Maigadi ya ce wajen sha ɗaya na dare aka dawo da wuta. Ke nan ta yi kusan awa tara tana ci ita kaɗai a cikin shago cike da kwali.

Tun daga bakin ƙofa na ji ƙauri. Faranti ya cika da gam, na ƙasa fari, na sama ya yi launin zuma, na ƙarshe ya yi baƙi-baƙi. Kyandir ɗin da ke baya ya kumbura ya toshe mashigar. Abin da ya cece mu abubuwan da muka yi tun ranar farko ne: tana tsaye a ƙafarta, ƙarƙashinta kwano ne, kwalaye na nesa. Da wani ya jingina kwali ɗaya a jikin teburin, ko ɓera ya ture ta, da yanzu wani labarin ake yi, kuma ba shagonmu kaɗai ba, don bango ɗaya muke da mai sayar da katifa.

Na daɗe zaune ina kallonta. Wata biyu ina lura da hannun yara lokacin aiki, ashe babban haɗarin yana lokacin da ba a aiki. Kuma ko ba gobara, wannan zaman shi ke kashe bindigar. Kyandir haɗin abu uku ne: roba da ake kira EVA wadda ke ba shi ƙarfi, da wani irin ƙaro mai sa shi danƙo, da kaki mai sa shi gudana ya kuma daskare da wuri. In yana wucewa ta cikin tukunyar bindiga, minti kaɗan yake yi a zafi ya fita. In ya zauna awa da awanni, zafi da iska suna cinye shi, ya yi duhu, ya rasa ƙarfinsa, a ƙarshe ya zama ƙanzo a jikin tukunyar kamar na tuwon da aka manta a murhu. Ƙanzon nan yana hana zafi isa ga sabon gam, kuma yana ɓantarewa ya toshe baki.

Da na waiwaya sai na ga mun daɗe muna yi mata wannan a hankali. Ana kunna ta da safe, a tafi karin kumallo. A tafi sallar azahar a bar ta, don kada a dawo a jira minti bakwai. Daren jiya dai kawai ya tara abin wuri ɗaya ne.

Ba mu yi aiki da ita yau ba. Bayan an sauko daga masallaci na tara su, ban yi wa kowa faɗa ba. Na ce daga yau kashe maɓalli ba ya wadatarwa, sai an zare an rataye wayar a ƙusar da ke jikin ƙofa, inda mai kulle shago ba zai iya sa kwaɗo ba sai ya gan ta.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Wankin ciki. Ni na yi da hannuna, su suna kallo.

Na tarar da na tsakiyan ya riga ya ɗauko ƙusa zai zura a bakin. Na karɓe. A cikin bakin nan akwai ɗan ƙwallon ƙarfe da sifirin, su ke rufe hanya in an saki kunama don kada ta yi ta ɗiga. Ƙusa ɗaya ta isa ta lalata su. Haka kuma ba a jawo kyandir ta baya in ya riga ya shiga, ko da ya kumbura kamar namu. Jawowar tana kwaso narkakken gam ta shafe hanya, tana kuma iya yaga robar da ke bakin tukunya, wadda ita ce ke hana gam komowa. Abin da ya shiga ta gaba yake fita.

Ga yadda na bi. Na kunna ta har ta yi zafi, sannan na zare ta daga wuta. Na sa safar fata da tabarau, na juya bakin ya kalli bango, don wani lokaci akwai iskar da ta taru a ciki mai tofo gam. Na kwance bakin da sifana a hankali. Ba a kwance shi da sanyi, saboda daskararren gam ya riƙe zaren da ake murɗa bakin a kai, in aka matsa sai zaren ya cinye, tukunyar kuma ta tashi aiki. Bakin ya cika da baƙin gari, na ajiye shi na ɗauko sabon da ya zo a kwalinta. Kafin in ɗaura, na mayar da ita wuta na tura kyandir sabo a hankali, gam na zuba cikin gwangwani. Na farko ya fito da ɓarɓashi baƙi, na biyu ruwan ƙasa, na uku ya fito fari. Na sake zarewa, na ɗaura sabon baki tun tana da zafi, ban ƙulle shi da ƙarfi ba.

Gam ɗin da ya taru a baya sai da ta huce sarai na yanke shi da reza kaɗan-kaɗan. Wanda ya zuba a kwano kuwa sifirit na ɗiga a gefensa, ya shiga ƙarƙashi, gam ɗin ya ɗago gaba ɗaya. Sifirit yana kama wuta, don haka sai bindiga ta huce kuma tana zare ake fito da shi. Ita kanta ba a tsoma ta a ruwa ko fetur ko kananzir. Bakin kawai ake gogewa da guntun kwali tun yana da ɗumi, duk yamma.

Ta dawo aiki, amma kunamar ba ta kai laushin da ba.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Ƙusar jikin ƙofa dabara ce mai kyau, amma ta dogara ga mutum ya tuna. Malam mai gyaran wuta ya kawo abin da ya fi ta: akwatin maɓalli biyu, kore da ja, irin na injinan masana'anta. In an danna kore wuta ta shiga. In aka ɗauke wuta, abin da ke ciki yana sakin kansa, kuma ko an dawo da ita ba zai kama ba sai an sake danna kore da hannu. Mun gwada sau uku, muna kashe babban layi muna kunnawa, bindiga ba ta tashi ba. Wannan akwati ya fi komai da na saya kwantar mini da hankali, kuma ina ganin duk mai na'urar zafi a garin da ake ɗauke wuta ya kamata ya sa shi, ko dutsen guga ne a shagon tela.

Ya kuma sa mana na'urar da ke yanke wuta in ta fara zurarewa ta jikin mutum, mai miliamfiya 30, ya duba wayar ƙasa ya tabbatar tana haɗe. Na sayo tukunyar kashe gobara mai hoda na rataye a bakin ƙofa, na nuna wa kowa yadda ake zare fil ɗinta. Ruwan jarka na ƙuna ne, ba a watsa shi a kan abin da ke jone da wuta.

Alhamis, 14 ga Maris

Azumi huɗu yau. Mun canza tsarin aiki, kuma ya fi na da kyau har ina ganin za mu ci gaba da shi bayan salla. Da yamma ake naɗe kwalayen gobe a jera su. Da safe a kunna bindiga sau ɗaya, a rufe su a jere ba tsayawa, a gama kafin azahar, a zare. Da rana, lokacin da ƙishirwa da barci ke sa hannu rawa, ba mai taɓa ta. In aiki ya tsaya kuma an san zai kai rabin awa, a kashe. In na minti goma ne, a rage zafi.

Tun da muka fara haka faranti kusan a bushe yake wuni, kyandir ma ya fi auki. Duk Asabar babban yarona yana duba waya daga kai zuwa gindi ko gam mai zafi ya taɓa ta, ya duba ƙafar ko ta yi sako-sako, ya tura rabin kyandir a gwangwani ya ga launinsa, ya rubuta a bayan wannan littafi. Makon jiya ya gano inda fatar wayar ta fara narkewa kusa da mariƙi, an yanke wurin an sake haɗawa.

Laraba, 3 ga Afrilu

Hajiya ta kira da safe, ranta a ɓace. Kayan salla da aka ɗora a mota zuwa Maiduguri, kwalaye da dama sun isa marfinsu a buɗe. Ba yagewa suka yi ba, ɗagowa suka yi.

"Alhaji, kai ka ce mini wannan ya fi salatif."

Na ce, "Hajiya, ki ba ni kwana biyu in gano dalili, asarar kwalin kuma a kaina."

Na rufe kwali shida, uku na bar su a shago, uku na sa a cikin mota a rufe a rana daga sha biyu zuwa la'asar. Na shago lafiya lau. Na mota biyu sun buɗe, na ukun da ɗan yatsa na ɗaga shi, gam ɗin ya yi laushi kamar alewa.

Dalili biyu na gano. Na farko, kyandir ɗin da muke saye na kowane aiki ne. Ba sai ya kai zafin narkewa yake sakin abin da ya riƙe ba, tun a wajejen digiri 60 yake fara laushi, marfin kwali kuma kullum yana ja yana son miƙewa. A watan nan inuwa ma tana kai 40 a Kano, balle ƙarƙashin tamfol a bayan mota a kan kwalta. Na biyu daga hannunmu ne. Ƙirga biyar ɗin da muka saba da shi na hunturu ne, lokacin da kwali mai sanyi ke daskarar da gam nan da nan. Yanzu kwalin kansa da ɗumi yake, gam yana daɗewa bai kama ba, yara kuma suna ɗaga katako a biyar kamar kullum, marfin ya ɗan ɗago tun a shago ba a lura ba. Gwajin fizgar safe bai nuna ba don da safe ake yin sa. Mun mayar da ƙirga goma, gwaji kuma sau biyu, na biyun dab da za a tashi.

Kyandir ɗin da ke kan kanta kusa da rufin kwano ma ya lanƙwashe, wasu sun manne da juna. Lanƙwasasshe ba ya tafiya daidai a cikin bindiga. Na sauko da su ƙasa cikin bokiti mai murfi, wanda zai kuma raba su da ƙura, don duk ƙurar da ta hau kyandir a tukunya take ƙarewa.

Asabar, 20 ga Afrilu

Bayan salla na samo kyandir da aka yi musamman don rufe kwali, mai jure zafi fiye da namu. Na ce wa mai sayarwa ya ba ni takardar bayaninsa, na karanta zafin da ake narkar da shi kafin in biya. Da za mu canza, ban jawo tsohon ba, sai na tura sabo a bayansa har launin da ke fita ya canza gaba ɗaya, kusan kyandir ɗaya da rabi.

Gwajin mota: shida na sa a wannan karon, duk shida sun riƙe, kuma da na fizge su fatar kwalin ta yage. Sabon yana kamawa da sauri, don haka ba ya ba da damar gyara marfi in an ɗora shi a karkace, yaran suna kan sabawa. An ɗora kayan Hajiya ranar Alhamis, jiya ta aiko cewa sun isa a rufe.

Ƙaramin ya koma kan bindiga da kansa, tabon yatsansa ya fara bajewa. Shi ne yanzu ke rataye waya a ƙusa ko da akwatin maɓalli na nan.

Abin da ya rage: a sayo baki biyu na ajiya, don wanda ke kai shi ne na ƙarshe, sannan a kai kunamar a duba haƙorin da ke ciki. Damina kuma na tafe, kwali zai sha danshi, kuma gam mai zafi ba ya son jiƙaƙƙen wuri. Na sa kafinta ya yi mana dandamalin katako don a ɗaga kwalaye daga ƙasa. Ranar da aka yi ruwan farko za mu rufe shida mu fizge mu gani.